Ƙara wa furosesa gudu: sai na kai wa cifset ruwa shi ma?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa kwamfuta a nan Gombe, madabod (babban allon da ake haɗa komai a kansa) Z790, kuma ina so in ƙara wa furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) gudu. Bututun ruwa zai bi ta kan furosesa don sanyaya shi. Shin in sayi bulok (ƙarfen da ruwa ke ratsawa yana ɗauke zafi) na cifset (guntun da ke kan madabod mai haɗa furosesa da sauran sassa) shi ma, ko ɓarnar kuɗi ce? Zafin bazarar nan nake tsoro.

Injiniya Pantami: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Cifset na Z790 wat 6 kacal yake ci, alhali furosesan da aka matsa wa yana wuce wat 250. A zamanin tsohon mazaunin furosesa na LGA775, da cifset irin su P45 da X48, shawarar kai wa cifset ruwa tana da tushe, domin mai kula da RAM yana cikin cifset, ana ɗaga FSB (gudun layin da ke haɗa shi da furosesa) sai ya yi zafi. Yanzu wannan aikin ya koma cikin furosesa. Cifset mahaɗai irin su USB, SATA da wasu ramukan M.2 (na ma'ajiyar bayanai) yake riƙe, ƙarin gudun bai shafe shi ba.

Inda wutar take shi ne VRM, sassan da ke kewaye da mazaunin furosesa suna ba shi lantarki. Idan suka yi zafi sosai, sama da digiri 100, madabod da kansa kan iya rage gudun. Sa manhajar HWiNFO mai nuna zafin sassan kwamfuta, ka matsa wa na'urar aiki na minti 30. Cifset a kan digiri 60 zuwa 70 lafiyarsa ƙalau. In ya fi haka, galibi katin girafik ne ke hura masa iska mai zafi, tunda a ƙarƙashinsa yake. Fanka ɗaya mai milimita 120 a gaban akwati ta isa.

Malam Wunti: Injiniya ya gama magana kan cifset. Amma ka sani ruwa ba ya sauka ƙasa da zafin ɗaki. A Afrilu, Gombe da Bauchi kan taɓa digiri 40, to daga nan lissafinka zai fara. Kuɗin bulok ɗin ka ƙara a kan lagireto mai milimita 360. Da hunturu kuma ƙura ke toshe shi, sai a riƙa hure shi da bulowa ana riƙe da fankokin kada su juya.

Kowane ƙarin bulok mahaɗa biyu ne, wato ƙofofi biyu na yoyo, kuma yana rage ƙarfin tafiyar ruwan. Kada ka haɗa jan ƙarfe da alminiyam a layi ɗaya, suna cin juna har bulok ya toshe. Ruwan burtsatse ko fiyawata ma a'a, tataccen ruwa kawai da maganin hana gansakuka.

Ɗan Tudun Wada: Na gode Malam. To in VRM ɗin ne ya yi zafi fa?

Injiniya Pantami: Fara da fanka a saman akwati. In bai sauka ba, sai monobulok mai rufe furosesa da VRM tare, wanda aka ƙera wa madabod ɗinka takamaimai. Bi kaurin thermal pad (shimfiɗar da ke kai zafin VRM zuwa bulok) da takardarsa ta faɗa. In ya yi kauri, bulok ba zai kwanta a kan furosesa ba. Kafin ka ba madabod wuta, kunna famfon shi kaɗai awa 24, da tishu ƙarƙashin kowace mahaɗa.