Kwas ɗin gyaran fata ta intanet, ana koyon abin kirki kuwa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na jima ina son koyon gyaran jiki, ba kwalliyar fuska kawai ba, har gyaran fata da cire gashi da farce da tausa, to yara sun min ƙanana ba halin fita makaranta kullum, shi ne na fara duba kwasa-kwasan intanet. Sun yi yawa wlh, wani ya ce sati 2 ka gama a ba ka satifiket, wani ya ce shekara guda. Ƙanwata kuma sai dariya take min wai ya za a yi in koyi tausa a waya, wai gara in leƙa irin gidajen tarihin nan na rayuwar karkara da ake nuna yadda mutanen zamanin da suke haɗa sabulu da man shafawa. Ni dai ban ga haɗin ba. Akwai wadda ta taɓa gwadawa?

Anti Mai Gyara:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni sana'ata ce, kuma rabin karatuna a waya na yi shi. Abin kashi biyu ne, akwai na kai akwai na hannu. Na kai intanet ya ma fi aji daɗi don kina iya maimaita bidiyo sau goma ba mai harararki. A nan za ki san yadda fata take hawa-hawa, da ma'aunin Fitzpatrick na 1975 wanda ya kasa fata gida 6 bisa yadda take amsar rana, da dalilin da ya sa fata mai duhu take saurin yin baƙin tabo in an ƙona ta ko an cika gurzarta, wannan kaɗai ya isa ya raba ki da rigimar kwastoma. Za ki koyi gwajin shafa ɗan kaɗan a bayan kunne a jira awa 24 zuwa 48 kafin a sa wa mutum rini, saboda sinadarin PPD da ke cikin rinin gashi da baƙin lalle yana kumbura wasu. Ga tsaftar kayan aiki, almakashin farce ɗaya na iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B daga wannan zuwa wancan, shi ya sa ake turara su a tukunyar otokilef a zafin digiri 121, ba a goge da auduga a ce an gama ba.
Amma zafin kakin cire gashi, da nauyin hannu a wuyan mutum, wannan sai an tsaya a kanki. Kafin ki biya ko sisi ki tambaye su wace hukuma ce ke bayan satifiket ɗin, kuma awa nawa ne na aikin hannu. Irin su CIDESCO, da aka kafa a 1946 mai hedkwata a Zurich ta Suwizalan, ba sa ba da difloma sai ka yi jarrabawar aiki a gaban mai dubawa. Na sati 2 kam takarda ce kawai ta rataye a bango.

Ɗan Tarihi:
Hajiya ki yi haƙuri na shigo zancen mata, amma ƙanwarki ba ta yi shirme ba. Gidajen nan ba ɗakin ajiye tsofaffin tukwane ba ne. Ɗaya daga cikin na farkonsu shi ne Skansen a Stockholm ta Suwidin, Artur Hazelius ya buɗe shi a 1891 da ya ga masana'antu na cinye rayuwar ƙauye, sai ya riƙa kwance gidajen manoma ɗungurungum yana sake kafa su a wuri guda, ya zuba mutane suna aiki a ciki. St Fagans kusa da Cardiff ta Birtaniya ya biyo sahu a 1948, har yau za ka tarar da maƙeri yana dukan ƙarfe. Abin da zai amfane ki, in kin ga an tace ruwan toka an dafa shi da kitse ya zama sabulu a gabanki, to kin gane me ya sa sabulu mai kaifi ke busar da fata, ba haddar littafi ba. Haka kirim, tushensa kakin zuma da mai da ruwa ne a kaɗa su har su haɗu, tun zamanin likita Galen a ƙarni na 2. Wasu kayan tarihin ma ana ganinsu a shafin Google Arts & Culture, sai dai can ma kallo ne ba taɓawa.

Uwar Ɗaki:
Ɗan Tarihi ka faɗi rabi ka bar rabi. Ba duk abin da kakanni suka shafa ne lafiyayye ba fa, matan Turai na ƙarni na 16 farar hodar dalma suka riƙa shafawa tana cin fuskarsu, wani kwallin ma har gobe akwai dalma a ciki. A je a gani a ƙaru, amma kar a dawo a kwaɓa wa kwastoma. Ni kuwa na taɓa faɗawa, na biya wani kwas ashe tarin bidiyo ne aka zuba, ba malami ba gyara, na tura tambaya har yau shiru kake ji.

Maman Biyu:
Kai na gode sosai. Anti to in na fara na kai ɗin yanzu, a kan wa zan riƙa gwada hannu kafin in samu wajen horo?

Anti Mai Gyara:
Farce da wankin fuska mai sauƙi ki kama ita ƙanwar taki mai dariya. Kaki da sinadaran saɓule fata kuwa kar ki taɓa kowa da su sai wadda ta iya tana tsaye a gefenki.