Musayar Baiti: Kukan Banshi da Ciyawar Yunwa

Sa'adatu: Na buɗe fage kan tatsuniyoyin ƙasar Ayilan (Ireland), da amsa-amon "ki". Mai baiti ya shigo.

Ƙauyen Ayilan in dare ya tsala,
Wata mace ke kuka a bayan ɗaki.
Banshi sunanta, gashi har gadon baya,
Tana taje shi, hawaye na jiƙa baki.
Ba ta kisa, albishir ne mara daɗi,
Gobe gidan nan sai zaman makoki.
In ka ga mataji yashe bisa hanya,
Nata ne, wuce, ɗaukarsa mugun aiki.

Bello:

Yaya Sa'a, taki ai mai tausayi ce,
Ni Dulahan nake tsoro, mai baƙin doki.
Kansa a hammata, bulala ƙashin bayan mutum,
In ya kira sunanka, rai ya bar jiki.

Malam Ɗanlami:

Ku bar doki, 'ya'yana, ku biyo ni gona,
Akwai ciyawar da ke sanyaya min jiki.
Ciyawar yunwa, in ƙafarka ta taka,
Gwiwa ta sage, yunwa ta murɗe ciki.
Sun ce a nan wani ya faɗi bai tashi ba,
Ba kabari, ba addu'a, ba mai makoki.
A 1845 dankali ya ruɓe a ƙasa,
Shi ne cimar talaka kullum, har ranar biki.
Kusan miliyan ɗaya yunwa da cuta suka ci,
Wasu suka bi teku, kufai ba hayaƙi.
Shi ya sa matafiyi ke ƙunshe guntun burodi,
Loma ɗaya ce magani in ta kai baki.
Wannan fatalwar hawaye take sa ni,
An ce wasu sun cika da ciyawa a baki.

Sa'adatu: Baba, wallahi sai da na ajiye waya na yi shiru.

A 1937 'yan makaranta suka bi gida-gida,
Sama da 50,000, da alƙalami da littafin aiki.
Kaka na faɗar tatsuniya, jika na rubutawa,
Har yau littattafan suna Dublin, an ware musu ɗaki.

Bello:

A 1999, yankin Clare, sabon titi ya nufo bishiyar ƙayar aljanu,
Eddie Lenihan mai tatsuniya ya ce a taka birki.
Titin ya bi ta gefe, aka yi mata shinge,
A 2002 wani ya yanke rassanta, ta sake toho a jiki.