Kwana uku zan yi a Legas, ina zan ci abinci?

Ɗan Tarauni:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san Legas. Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre, nan Kano. Shekara shida ke nan maigidana ne yake zuwa Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Legas, ya saro mana kaya, to bana ciwon ƙafa ya matsa masa, ya ce ni zan je. Ranar Litinin zan sauka, Alhamis da safe in juyo. An kama mini ɗaki a Ikeja, wai da ƙafa ma ana isa kasuwar.

Harkar kaya ba ta dame ni ba, an haɗa ni da wanda zai yi mini jagora. Cikina ne abin ji. Ina da gyambon ciki, in yaji ya yi yawa kwana nake ina juyi. Ga abokaina na shago sun cika mini kunne: wannan ya ce miyar Yarabawa wuta ce, wancan ya ce in kiyayi nama tunda ban san wanda ya yanka ba. Innata har ta sa an ƙulle mini garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, ta ce in riƙa jiƙawa. Fisabilillahi, kwana uku ina shan gari kamar ɗan makarantar kwana? Ina ake samun tuwo na gaske kusa da Ikeja? Kuma abincinsu, akwai wanda mai irin cikina zai iya taɓawa?

Baba Na-Agege:

Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, ba daji za ka ba. Na haura shekara talatin a Ikko, ban taɓa kwana da yunwa don rashin abincin gida ba. Daga Ikeja zuwa Agege maƙwabtaka ce. Tun 2024 ma akwai jirgin ƙasa na cikin gari da ke tasowa daga Oyingbo zuwa Agbado, daga tashar Ikeja sai ta Agege, babu wata a tsakani. Sai dai ka tambayi lokacin tashinsa, kuma da katin Cowry ake shiga, wato katin biyan kuɗin sufuri na Legas. In bai dace da kai ba, ga danfo, ƙananan bas ɗin haya, nan burjik.

Kana sauka ka ce Zango kake nema. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su nan fiye da shekara ɗari, suka zauna, suka hayayyafa, har sarkinmu gare mu. Bayan magariba za ka ga tuwon shinkafa, tuwon masara, miyar kuka, miyar taushe, waina, ga masu balangu, ga fura da nono. Za ka rantse a Fagge kake.

Batun yanka kuwa, abokan naka sun tsorata ka ne kawai. Babbar mayankar jihar tana nan Oko-Oba, cikin Agege ɗin nan. Shanun daga wajenmu ake lodo su, kuma in ka shiga za ka tarar mahautan yawancinsu namu ne da Yarabawa Musulmi. Ka ci naman sa da Bismillah. Inda zan ce ka yi hattara shi ne gidan da ake sayar da giya ana farfesu, da masu naman daji.

Maman Hanifa:

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, amma a yi mini afuwa, ban goyi bayan ya riƙa zarya Agege kullum ba. Mutumin da ya yini a tsaye cikin Computer Village, ga kuɗin mutane a jikinsa, a ce kuma da yamma ya shiga cunkoson hanyar Agege saboda malmala biyu? Ya je sau ɗaya ya gaishe ku, ya isa.

Ƙanena, ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Idi-Araba shekara tara da suka wuce. Wata shida na yi ba na kallon tukunyar maƙwabtana, yanzu kuwa ni ce mai aika yara sayen amala. Bari in cire maka tsoro: rabin abin da suke ci ka san shi, suna ne ya bambanta. Ewedu lalo ne. Gbegiri miyar wake ce, an cire ɓawon an tuƙe ta ta yi laushi. Iru daddawa ce, ponmo ganda ce, shaki tumbi ne, eba teba ce, iyan kuma sakwara. Amala garin busasshiyar doya ne, shi ya sa take da duhu, kuma ta fi tuwon masara sauƙi a ciki nesa ba kusa ba.

Ga sirrin da zai cece ka. In ka shiga buka, wato ƙaramin gidan abinci, ka ce a ba ka amala, mai zubawa za ta sa ewedu, ta sa gbegiri, sannan ta ɗebo jar miya ta malala a kai. To wutar duk tana cikin jar miyar nan, sauran biyun lafiya lau suke. Kafin ta kai ludayi ka ɗaga hannu ka ce "ata die", wato yaji kaɗan, ko ka ce kada ta sa gaba ɗaya. Za ta harare ka, wataƙila ta yi dariya ta kira ka aboki, kada ka damu. Ka kira ta Alhaja ko Iya, za ka ga an ƙara maka miya.

Abu biyu ne ban yarda ka kusanta ba. Shinkafar ofada, wadda ake naɗowa a ganye: miyarta koren attaruhu ne zalla da manja. Sai asun, gasasshen naman akuya da ake juyawa cikin ɗanyen attaruhu. Masu lafiyar ciki ma hawaye suke yi. Ewa agoyin kuma, dafaffen wake ne da ya narke, shi kansa ba laifi, baƙar miyar da ake zuba masa ce mai faɗa. Ka ce a ɗiga maka kaɗan, ka haɗa da burodin Agege mai tauri-tauri ɗin nan, ka sha ruwa, har la'asar ba za ka nemi komai ba.

Kuma ka sani a buka komai ƙirga shi ake yi. Tuwo da ƙulli, nama da yanka. Kada ka tsaya kana nuna wannan kana nuna wancan, sai an zo lissafi ido ya raina fata. Ka fara tambaya "elo ni?", wato nawa ne.

Sani Mai Tirela:

Ni dai shawarata gajeriya ce. Shekara goma ina sauke tumatir da albasa a kasuwar Mile 12. Ka ci inda ka ga layi, ka ci abu da zafinsa, ka sha ruwan roba wanda kai ka ɓalle murfinsa. A watan Yunin 2024 an yi amai da gudawa a Legas, tun daga nan na daina shan kunun aya da zoɓon da ake ɗurawa a tsofaffin robobi, ko ɗan garinmu ne ke sayarwa. Da safe kuma mai shayi. Duk lungun da ka leƙa akwai shi, kuma da wuya ka yi masa sallama bai amsa da Hausa ba.

Ɗan Tarauni:

Na gode ƙwarai. Anti Maman Hanifa, na rubuta "ata die" a bayan hannuna tun yanzu. To manyan gidajen abinci na zamani fa? Na ce ko ranar ƙarshe in ɗan shiga ɗaya, kada in dawo a ce ban ga komai ba.

Maman Hanifa:

Shiga mana, amma ka san kuɗin da ke rubuce a takarda ba shi za ka biya ba. Za a ɗora harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari, a ɗora na jihar Legas kashi 5, wasu su ƙara da ladan hidima. Kuma kada wani ya ja ka Victoria Island ko Lekki da yamma don cin abinci. Gadar Third Mainland kaɗai ta kusa kilomita 12, in ta cushe sai ka yi isha'i a mota. Allen Avenue na nan kusa da kai, akwai gidajen abinci iri-iri, akwai masu tsire da dare.

Baba Na-Agege:

'Yata ta fi ni gaskiya a kan cunkoso, na sallama. Amma tsiren Allen dai 'ya'yanmu ne ke gasawa, kuɗin ne kawai na Ikko. Ɗana, in ka zo Zango ka ci a ƙoshi.

Ɗan Tarauni:

Jama'a na dawo gida jiya lafiya, kaya ma sun iso. Ga yadda aka yi.

Litinin tsoro bai bar ni ba, shayi da burodi na sha safe da dare. Mai shayin ɗan Tawa ne, daga Nijar, muka yi ta hira har ya ƙi karɓar kuɗin ƙwai. Talata da azahar yaron da ke yi mini jagora ya ja ni wata buka a bayan kasuwa, benci uku da manyan tukwane, ga ma'aikatan banki da taye suna layi da kwano a hannu. Na ce "ata die" tun kafin a tambaye ni, har matar ta ajiye ludayi tana dariya, ta kira wata ta zo ta ji. Ƙulli biyu na ce, na ƙare da uku. Gbegirin nan, Anti, Allah ya saka. Cikina ko motsi bai yi ba.

Inda na yi wauta Laraba ce. Na ga yaron yana cin ofada, ƙamshi ya ɗebe ni, na ce cokali biyu ba zai yi komai ba. Ya yi. A zaune na kwana, na rungume filo, ina tuno Maman Hanifa. Shi ya sa Baba ban samu zuwa Zango ba, a gafarce ni, na ci bashin wannan ziyarar. Gidan zamanin ma ban leƙa ba.

Garin kwakin Inna kuwa, daren nan shi ya yi mini rana, da asuba na jiƙa shi da madara. Ban gaya mata dalili ba, na dai ce ya yi daɗi. Yanzu tambayata ɗaya: a nan Kano, ina ake samun amala da gbegiri mai kyau? An ce mini in duba Sabon Gari.