"Ai bai suma ba": gardamar iyayen unguwa a Tahoua

Baban Sani: Salamu alaikum. Na ji ana tattara sunayen 'yan mata don ƙwallon lakol. Ni ɗiyata ba ta ciki. Kan mace ba ya ɗaukar bugu. Namiji kuwa ko sun yi karo, in bai suma ba, a zuba masa ruwa ya tashi ya ci gaba. Garin nan aka fara kokawar takobi a 1975, da faɗuwa muka girma.

Maman Hadiza: Wa alaikumus salam. To Alhaji, shi Sani kan nasa na ƙarfe ne?

Baban Sani: Hajiya, namiji ne.

Anti Rabi (ma'aikaciyar jinya): Alhaji ka yi haƙuri, zancen suman nan shi ne ke cutar da yara. Mafi yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba sa suma ko kaɗan. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune cikin ƙoƙon kai, in aka yi karo sai ta bugi ƙashi. Yaro zai miƙe yana dariya, da dare ya ce kansa na sarawa, haske na damunsa, ko ya kasa tuna wa ya ci wasan. FIFA da Hukumar Lafiya ta Duniya sun faɗa a 2024 cewa alamun kan iya ɗaukar awa 72 kafin su fito. Abin da na fi tsoro shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke.

Malam Idi: Amma Alhaji bai yi ƙarya duka ba. Binciken makarantun sakandare a Amurka ya nuna a ƙwallon ƙafa 'yan mata sun fi maza samun wannan rauni. Ana danganta shi da ƙarfin wuya. Wasu kuma na cewa mata sun fi faɗin abin da ke damunsu, maza na ɓoyewa kada a fitar da su.

Baban Sani: Kun ji ko? Malam ya gama magana.

Malam Idi: Ban gama ba, Alhaji. Da Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai a 2015, ba ta ware mace da namiji ba. Ingila ma a 2020 ta hana shi a atisayen 'yan firamare, duka.

Maman Hadiza: Ni abin da na gani da idona a filin bayan kasuwa: yara biyu sun haɗa kai, ɗaya ya durƙusa yana amai. Aka sayo ruwan leda aka fasa masa a ka, manya na ta "tashi, kai ba mace ba ne". Ya koma yana tangaɗi. Da ɗiya ce, da tuni an ɗauke ta a kan babur. Wa aka fi tausayi a nan?

Kawu Illa: Ku saya musu hular kai kawai, irin ta taekwondo. Alfaga, ɗan wasanmu na Nijar, da ita ya ciwo lambar azurfa a gasar Olympics ta Rio a 2016.

Anti Rabi: Kawu, hula tana kare fata da ƙashi, ba ta hana ƙwaƙwalwa motsi a ciki. Wanda ya bugu a ka, ranar ya gama wasa, mace ko namiji. In yana ta amai, ciwon kai na ƙaruwa, ya yi jijjiga, ko barci ya yi nauyi har ba ya tasuwa, asibiti nan take, kada a jira safiya.

Baban Sani: Na ji na Sani, zan gaya wa mai horar da su. Amma ɗiya dai tana gida.

Maman Hadiza: Tawa an rubuta sunanta tun jiya. Malam Idi, ran Asabar wa zai tsaya bakin fili ya fitar da yaro in an yi karo?