Ina zan samu tallafin ƙarasa fim ɗina kan 'yan taru?

Rukayya, Sakkwato: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar fim ɗin dokumentari kan 'yan taru, matan da suka gaji tsarin karatun da Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa, inda jaji ke bin ƙauyuka tana koyar da mata ta hanyar waƙa. Akwai wata tsohuwar jaji da nake bi wajen Wurno, ta haura tamanin, idon ya yi rauni, amma in ta kama waƙa ba ta tuntuɓe har ta dire. Sarƙata na sayar na sayi na'urar ɗaukar murya, kyamara kuwa aro nake yi. Yanzu aljihu ya bushe. Ina ta ganin sanarwar tallafi ga masu fim kan Musulmi, na aika wa wata gidauniya, aka ce labarina "ba rikici a ciki". Ina zan dosa? Kuma in na karɓa, fim ɗin ya zama nasu ke nan?

Malam Bashir, Kaduna: Wa alaikis salam ƙanwata. Ki fara duba wa aka yi wa sanarwar kafin ki ɓata dararenki. Da yawa daga masu cewa "labaran Musulmi" na mazauna Amurka ne. Shirin Building Bridges na gidauniyar Doris Duke Musulmin Amurka ya dosa. Pillars Fund ta Chicago tana ba da dala 25,000 ga wanda ta zaɓa, amma sai wanda ke zaune a Amurka ko Ingila. Ke ki nemi masu tallafa wa 'yan Afirka, ko da ba su ambaci addini ba. Akwai IDFA Bertha Fund a Amsterdam, akwai Hot Docs-Blue Ice a Kanada, wanda aka kafa a 2011 don masu dokumentari na Afirka kaɗai, akwai Red Sea Fund ta Jidda da ke karɓar Larabawa da 'yan Afirka. Doha Film Institute ma tana bayarwa, sai dai mu da ba na yankin Larabawa ba, sai an gama ɗauka an zo tacewa.

Abu Hanif: Ni dai a yi hattara. Bature ba ya ba ka kuɗi don Allah. Gobe za ki ga an juya fim ɗin an ce matanmu a danne suke.

Hajiya Zainabu, Damagaram: Abu Hanif, tsoronka ba banza ba ne, amma maganinsa karanta yarjejeniya. Rukayya 'yata, tallafi daban, sayen fim daban. Masu tallafi galibi sunansu suke so a rubuta a fim, da rahoton yadda aka kashe kuɗi. Inda ake rasa iko shi ne wajen furodusan haɗin gwiwa ko gidan talabijin. Layi biyu za ki nema a takarda: wa ke da haƙƙin mallaka, wa kuma ke da ta cewa a tacewar ƙarshe. In ba sunanki ba ne, ki ajiye biro.

Ga misali daga gida. Aicha Macky, 'yar nan garin ce, ta yi fim ɗin Zinder a 2021 kan matasan unguwar Kara-Kara, da Hausa suke magana a ciki, ƙarƙashin shirin Generation Africa na ƙungiyar STEPS ta Afirka ta Kudu, ya zaga bukukuwan fina-finai na duniya. Kin ga ana yi.

Sai batun "ba rikici". Ina jin kin ɗauka bindiga suke nema. Wasu kam ita suke nema, waɗannan ki bar su da halinsu. Amma a bakin masu tantancewa, abin nufi shi ne: me za a rasa? Ke da bakinki kin faɗa ba ki lura ba. Tsohuwa ta haura tamanin, waƙoƙi na cikin kanta. Wa zai karɓa? Tana da jika? Jikar na so, ko hankalinta na kan waya? In kin rubuta tarihin Nana Asma'u shafi uku, daga haihuwarta a 1793 zuwa rasuwarta a 1864, za su ce littafi ne. Ki rubuta tsohuwar da jikarta, tarihin ya biyo baya.

Sadiq Edita, Kano: Hajiya ta gama magana. Nawa na aiki ne. Aunty, ki yanko minti biyar zuwa goma mafi kyau, a sa fassarar Turanci mai tsabta a ƙasa. Ba tirela mai kiɗa da guje-guje ba, fage ɗaya da zai zauna, a ji numfashin tsohuwar. A kasafi kuma ki sa albashinki. Mutanenmu na jin kunyar wannan, alhali in ba a gani ba sai a ɗauka ba ki san aikin ba. Ki sa kuɗin mota, mai fassara, da hadis (hard disk) biyu na ajiya. Na taɓa rasa ɗaukar wata uku saboda hadis ɗaya ya faɗo daga kan tebur. Wasu kuma ba sa tura kuɗi asusun mutum, sai na kamfani mai rajista, don haka ki yi rajista ko ki nemi furodusa mai ita.

Malama Hauwa: Kin nemi izininsu dai ko? Ba na tsohuwar kaɗai ba, har matan da ke zama karatun da mazajensu. Wata ta yarda ki ɗauka don ta zaci a wayarki zai tsaya. Ki gaya musu ƙarara har Turai za a kalla. Wadda ba ta karatun boko, ki ɗauki amincewarta a bidiyo.

Rukayya: Allah ya saka da alheri. Malama, na jajin da ɗanta kawai nake da shi, sauran zan koma ranar Asabar. Hajiya, jikar sunanta na cikin littafina tun bara, ita ke riƙe mata hannu zuwa zaure, amma ban taɓa juya kyamara kanta ba. Sadiq, nawa za ka yi min minti goman?

Sadiq Edita: Turo tukuna in gani. In muryar ta fita da kyau ma daidaita.