Ƙanena ya kasa barin Tramadol, ina zan kai shi?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara kan ƙanena, ɗan shekara 22, direban Adaidaita Sahu a Kano. Ya fara shan Tramadol ne wai don ya jure aiki daga asuba har dare, yanzu ta zame masa jiki. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Kwanan baya ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, Hajiya na ta salati tana yayyafa masa ruwa.

Shi da kansa yana son bari. Amma ranar da bai sha ba, zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci sai su taso shi gaba har ya koma. Addu'a muna kan yi. Kawu ya ce a kai shi gidan mari, ni kuwa ban yarda a sa masa sarƙa ba, mara lafiya ne.

Shin yanke ƙwayar ake yi gaba ɗaya, ko likita ne ke rage ta sannu a hankali? Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau na kwantar da irinsa? In mun je hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA neman taimako, ba za su tsare shi ba? Wanda ya san hanya ya taimaka mana.