Ribar takarda da ribar aljihu

Abin da ya fi cin lokaci a zaman tattaunawar da muka yi kan rahoton kuɗin kamfanoni shi ne damar da kamfanonin Amurka ke ba shugabanninsu ta sayen hannun jari nan gaba a farashin yau. In farashi ya hau, shugaba ya kwashi riba. In ya faɗi, ko sisi bai fita aljihunsa ba. To me zai hana shi yi wa rahoton kuɗi kwalliya?

Shawarar da kowa ya yarda da ita: kada ka tsaya a layin riba, ka buɗe shafin shige da ficen tsabar kuɗi. In riba na hawa amma kuɗin hannu ya tsaya cak, bashin da ake bin kwastomomi kuma na kumbura, akwai lauje cikin naɗi. Binciken masanin lissafin kuɗi Richard Sloan na 1996 ya nuna irin wannan riba ba ta daɗewa. Kamfanin sadarwa na Amurka WorldCom kuwa, a 2002 aka gano ya rubuta kuɗin gudanarwa kusan dala biliyan 3.8 a matsayin kadara, abin da ya kumbura ribarsa a takarda.

Wani ya ce a duba ranar da aka ba shugaba damar sayen hannun jarin. Masanin harkar kuɗi Erik Lie ya nuna a 2005 cewa ranakun kan faɗo daidai lokacin da farashi ya yi ƙasa, alamar ana mayar da kwanan wata baya.

A kan magani aka rabu. Wasu sun ce dokar Sarbanes-Oxley ta 2002, wato dokar Amurka kan rahoton kuɗin kamfanoni, ta wadatar, tunda shugaba da kansa ke sa hannu a rahoton. Ni dai ina tare da masu cewa a hana shi sayar da hannun jarin sai ya yi shekaru da barin kujera.